"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi": wace rana ce ranar wankan a neman aure?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Samari na jawo wa 'yan mata wannan karin magana tun a zancen farko, wai sai yarinya ta zazzage duk abin da ya taɓa faruwa da ita. Ita kuma ta ce "ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba". Wa ke kan daidai?

Hajiya ta Zango:
Wa alaikumus salam, ɗana. Yarinyar ta fi saurayin gaskiya. Ranar wanka aka ce, ba kullum ba. Wanda ya zo zance sau biyu bai kai a buɗe masa ciki ba, don gobe in ya janye, sirrinta ya zama abin hira a fada wajen shan shayi. Ranar wankan tana tsakanin sa'ad da ya ce zai turo magabatansa da ranar da za a karɓi kuɗin gaisuwa. In aka bari har aka sa rana, aka raba goro, fasawa ta zama kunyar gida biyu. Sai a runtse ido a ɗaura, rigima ta biyo baya.

Malam na Mirya:
Haka ne, Hajiya, amma a san mene ne cibin. A Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, an kawo aibobin da ake mayar da aure saboda su: hauka, kuturta, albaras da lalurar da ke hana saduwa. Namijin da ya kasa kusantar iyalinsa ana ba shi shekara guda. Waɗannan ɓoye su yaudara ne. Haka auren baya, 'ya'ya, yawan matan da ke gidansa da bashi mai nauyi. Zunubin da mutum ya tuba daga gare shi kuwa, wanda bai taɓa haƙƙin abokin zama ba, Allah ya suturta shi, kada ya tona kansa, kuma ba a tilasta shi.

Ma'aikaciyar jinya:
Malam, akwai cibin da mai shi ma bai san da shi ba. Masu jinin AS, wato waɗanda suka gaji sikila daga ɓangare ɗaya na iyaye, yawanci lafiyarsu lau. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na haihuwar mai amosanin jini, wato SS. Kowane ciki nake cewa, ba ɗa guda cikin huɗu ba. Ana iya jera uku masu ciwon. Gwajin Emmel yana nuna akwai sikila a jini, amma ba ya raba AS da SS, sai an yi na elektroforez. Wanda aka ƙara wa jini ya jira wata 3, in ba haka ba sakamakon zai ruɗe. A haɗa da gwajin sida da na ciwon hanta nau'in B. Saurayi da budurwa su je tare, kowa ya ga takardar ɗan'uwansa da idonsa, ba hoto ta waya ba.

Ɗan Birni:
To, Yaya, abin da ba ya fitowa a takardar likita fa? Kishi, saurin fushi, tsoron a guje ka?

Hajiya ta Zango:
Wannan kaɗan-kaɗan ake buɗe shi, kuma namiji ya fara, tunda shi ke nema. Ya faɗi sana'arsa ta gaskiya, ko ɗakin haya zai ajiye ta ko gidan iyayensa, ko yana da niyyar tafiya Agadas ko Libiya ya bar ta shekara. Ita ta faɗi ƙaramin abu ɗaya, ta saurara. In ya riƙe, bai kai wa abokai ba, bai yi mata gori da shi ranar da suka saɓa ba, ta ƙara. In ya yi gori sau ɗaya, ta kama bakinta. Kuma baki da baki, a zaure ko ƙofar gida. Saƙon murya na WhatsApp ana tura shi gaba.

Malam na Mirya:
Sai dai, Hajiya, bakin masoyi kaɗai bai isa ba, so hana ganin laifi ne. Waliyyi ya tambayi maƙwabta da abokan sana'a. Faɗin aibin manemi ga wanda ya nemi shawara ba giba ba ce: da Fatima 'yar Ƙais ta nemi shawarar Annabi (SAW) kan masu neman aurenta, ya ce mata Mu'awiya ba shi da dukiya, Abu Jahmi kuma ba ya sauke sanda daga kafaɗarsa.