An yi wa laftof ɗina fomat, tsofaffin imel ɗina na Outlook duk babu, dan Allah a taimaka

Dan_Kasuwa:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin kwamfuta ku kawo ɗauki. Laftof ɗina ce ta ishe ni da nauyi, kafin ta gama buɗewa sai ka sha shayi ka wanke kofi, na kai wa mai gyara yace sai an yi mata fomat an ɗora sabon Windows. Nace to, amma kafin nan na kwashe foldar Documents gaba ɗaya da hotuna na zuba a had dis na waje. Yanzu ta dawo, gudu kam ba laifi, ya sa min Office 2016 irin na da, amma da na buɗe Outlook na sa imel ɗin wurin aikinmu sai wasiƙu 'yan kaɗan na kwanan nan suka shigo, na shekarun baya babu, Sent ma wayam. Kuma duk rasiɗai da takardun kaya da maganganunmu da kwastomomi suna ciki, akwai wani ma da muke jayayya kan kuɗi, hujjata tana can. Gmail ɗina shi ya dawo duka ba ko ɗaya da ya ɓata, abin da ya ƙara ɗaure min kai kenan. A cikin abin da na kwashe na ga wata folda Outlook Files, akwai fayil babba mai .pst a ƙarshen sunansa, na danna sau biyu ya ƙi buɗewa, Windows na tambayata wai da me zan buɗe shi. Ya lalace ne ko yaya?

Mai_Gyara01:

Wa alaikumus salam. Yallaɓai kwantar da hankalinka, wannan fayil ɗin .pst shine dukiyar, kuma bai lalace ba don ya ƙi buɗewa, dama ba a buɗe shi da dannawa sau biyu.

Dalilin da Gmail ya dawo na ofis bai dawo ba shine hanyar da aka haɗa su. Gmail ɗinka kusan tabbas da IMAP yake, wato wasiƙun suna zaune a sabar Google, babbar kwamfutarsu da ke ajiye imel, kwamfutarka kwafi kawai take riƙewa a fayil mai .ost, ko ka jefa laftof ɗin a rijiya ka sayi wata zasu sake saukowa. Na ofis kuma da POP aka saita shi, shi POP sauko da wasiƙa yake ya ajiye a cikin .pst, kuma Outlook tun daga na 2010 idan ba a taɓa saitin ba kwana 14 yake barin kwafi a saba sannan ya goge. Kaga shi yasa ka samu na kwanan nan kawai. Sent kuwa a POP dama a kwamfuta yake zama, baya zuwa saba.

Abin da zakayi, ka rufe Outlook tukuna. Ka kwafo fayil ɗin daga had dis na waje zuwa Documents, cikin Outlook Files, kwafi nace ba yankewa ba, na wajen ya zauna yadda yake kar ka taɓa shi. Idan akwai sabon fayil mai suna iri ɗaya a wurin kar ka yarda ya hau kansa, canza wa tsohon suna, ko tsoho.pst ka sa ya isa. Sai ka buɗe Outlook ka je File, Open & Export, Open Outlook Data File, ka nuna masa shi. Zai fito a gefen hagu da Inbox ɗinsa da Sent da komai har lambobin mutane da kalanda.

Wasu zasu ce ka yi Import, yana yi, amma ni bana so, fayil in yana da girma sai ya ɗau awanni kuma in wuta ta ɗauke ko ya tsaya a tsakiya ka sake sai ka ga wasiƙa ɗaya ta zama biyu. Buɗewa ya fi sauƙi. In kana so sabbin wasiƙu su riƙa faɗawa cikin tsohon Inbox ɗin, Account Settings zaka shiga, ka zaɓi adireshin, a ƙasa akwai Change Folder.

Ummu_Ofis:

Ƙari kan abin da Malam ya faɗa, in ya ƙi buɗewa yana cewa baka da izini, ka danna dama a kan fayil ɗin ka shiga Properties ka duba ko akwai alama a Read-only ka cire, musamman in ya taɓa bi ta faifan CD. Sannan ka gwada girman na wajen da abin da kake tsammani, don filash ko had dis da ke kan tsarin ajiya na FAT32 baya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce 4GB, mutum na kwashe kaya da yawa sai saƙon ya fito ya danna Skip bai karanta ba.

Kuma kar ka yi mamaki in ka fara rubuta adireshin mutum bai fito da kansa ba kamar da, ko sa hannunka na ƙasan wasiƙa ya ɓace, sa hannun ba a cikin pst yake ba, yana wata foldar Windows mai suna AppData. Wannan sai dai ka sake rubutawa.

Dan_Kasuwa:

Alhamdulillah!! Malam Allah ya saka da alheri ya jiƙan mahaifa, Hajiya na gode. Da farko ya kawo wani saƙo wai an samu kuskure a fayil ɗin, na rufe na sake sai ya buɗe, Inbox da Sent duk sun dawo. Sai dai akwai saura, a da can ƙasa akwai wani wuri daban mai suna Archive Folders inda tsofaffin suke, na tun lokacin da nake kan Office 2007 a tsohuwar kwamfuta wani yaro ya dawo min da su cikin wannan, shi bai fito ba, kuma na bincike had dis ɗin kaf pst ɗaya ne kawai. Maganar mutumin nan da nake nema a can take.

Mai_Gyara01:

To a nan ne aikin yake. Bari in fara da mai sauƙin, saƙon kuskuren nan kar ka share shi don ya buɗe. Akwai abin gyara da ke zuwa tare da Office, sunansa SCANPST.EXE, yawanci yana cikin Program Files, Microsoft Office, root, Office16, in baka gani ba ka rubuta sunan a wurin bincike na C, wato had dis ɗin da Windows ke kai. Rufe Outlook, nuna masa fayil ɗin, bar alamar da ke cewa ya yi ajiyar kwafi kafin gyara, zai ajiye maka wani mai .bak. Wani lokaci sai an maimaita kafin yace ba sauran kuskure.

Shi kuma Archive fayil ne daban, archive.pst. Outlook 2007 ba a Documents yake ajiya ba, a AppData, Local, Microsoft, Outlook yake sawa, kuma AppData ɓoyayyar folda ce bata fitowa sai ka ce a nuna ɓoyayyu, in yaron can ya maida shi irin wurin da ya same shi to shi yasa bai biyo kwashewarka ba.

Fara duba C ko akwai folda Windows.old. Da yawa masu gyara cewa suke sun yi fomat alhali ɗora Windows kawai suka yi a kan na da, in haka ne tsohon AppData ɗinka na nan ciki ƙarƙashin Users. Ka yi sauri, Windows 10 da 11 suna goge ta da kansu bayan kwana 10.

In babu ita, to ka daina amfani da laftof ɗin yanzu yanzu, kar ka sauke komai kar ka bar ta tana sabunta Windows. Fomat mai sauri baya goge bayanan, jadawalin inda suke kawai yake sharewa, suna nan kwance har sai wani sabon abu ya hau kansu. A cire had dis ɗin a sa shi a wata kwamfutar ta USB a bi shi da manhajar dawo da abin da aka goge, irin PhotoRec, kyauta ne kuma ya san pst, ko Recuva a sa shi bincike mai zurfi. Abin da aka samo a zuba a wani wurin daban ba kan shi had dis ɗin ba.

Sani_IT_:

Gaskiya oga ka dan bashi fata da yawa. An riga an dora Windows da Office a kan wurin, ga kwanaki yana aiki da ita, kuma pst babban fayil ne a warwatse yake a had dis, PhotoRec sai ya kawo maka shi da girmansa amma in ka bude rabi shara ce. Kuma ba wanda ya tambaye shi ko SSD ne, wato sabon nau'in ma'ajiya mara faifai mai juyawa. In SSD ne akwai wani umarni da ake kira TRIM, da an yi fomat Windows ke sanar da SSD din wuraren nan ba kowa ya share, da wuya a samu komai. Haka in cikakken fomat aka yi ba mai sauri ba, tun daga Windows Vista sifili yake rubutawa a ko ina.

Ni shawarata ya gwada din ba laifi amma kar ya biya wani makudan kudi kan alkawari. Ya nemi tsohuwar kwamfutar can ta 2007 in tana nan ko had dis dinta, tunda kwafa yaron yayi kila asalin na ciki. Sannan wasika ai mutum biyu ne da ita, in ka taba sa wani abokin aiki a kwafi ko ka tura wa akawu yana da ita a nasa.

Mai_Gyara01:

Maganarka haka take Sani, musamman ta SSD. Yallaɓai danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance ka danna Disk, zai rubuta maka HDD, wato had dis irin na da, ko SSD. Amma Windows.old ɗin dai a fara dubawa, minti ɗaya ne.

Dan_Kasuwa:

Na duba, Windows.old babu, amma ya rubuta HDD. Na kashe ta tun ɗazu da waya nake rubutu. Tsohuwar kwamfutar tana gidan ƙanina yara na kallo da ita, na kira shi nace kar kowa ya taɓa, gobe in Allah ya kaimu bayan azahar zan je in ɗauko. Malam in na kunna ta a ina ake cewa a nuna ɓoyayyun foldar, Windows 7 ce a kanta.

Mai_Gyara01:

Ba sai ka wahala ba, danna maɓallin Windows da R tare ka rubuta %localappdata%\Microsoft\Outlook ka danna Enter, zai kai ka ciki kai tsaye. Duk abin da ka gani mai .pst ka kwashe, kuma kar ka buɗe Outlook ɗin can tana kan intanet kafin ka kwafa.