Ɗalibin da ya fid da rai kuma yake ta faɗuwa: yaya kuke yi da shi?

Malamar Turanci, ƙaramar sakandare

Assalamu alaikum malamai. Tambayata a kan yaran bencin baya ce. Ba masu tsallake katanga nake nufi ba, ba kuma masu rashin kunya ba. Waɗanda suke zuwa kullum su zauna shiru, ba sa ɗaga hannu, ba sa kawo aikin gida, ranar gwaji kuma su kwafe tambayoyin su miƙo takarda ba amsa ko ɗaya. An yi faɗa, an yi nasiha, an yi horo, maki na nan tsakanin 12 da 25 cikin 100. Don Allah kowa ya faɗi abin da yake yi daki-daki, har da inda dabarar take cijewa.

Malamin firamare, mai horas da malamai

Wa alaikumus salam Malama. Kafin a ce yaro ba ya so, a tabbatar yana iyawa. Da yawa daga cikin waɗannan yara ba su iya karatu ba, an yi ta ɗaga su ne daga aji zuwa aji, kuma yaro mai shekara goma sha huɗu ya gwammace a kira shi malalaci da a gane bai iya haɗa baƙi ba.

Alamar farko tana wajen kwafar allo. Ki tsaya a bayansa ki duba. Mai iya karatu yakan ɗaga kai sau ɗaya ya ɗauko kalma uku ko huɗu ya rubuta. Wanda bai iya ba, kowane harafi sai ya ɗaga kai. Sau da yawa rubutunsa ya fi na kowa kyau, don zane yake yi. Ki sa yatsa a kan layin da ya gama rubutawa ki ce ya karanta miki a hankali, nan take za ki sani.

Gwajin bai wuce minti biyar ba. Takarda ɗaya, kashi huɗu: haruffa goma, kalmomi goma masu sauƙi, sakin layi mai jimla huɗu, sai ɗan labari mai jimla takwas zuwa goma. A fara da sakin layin. In kuskurensa bai wuce uku ba kuma yana karantawa jimla-jimla, a wuce da shi labari. In ya kasa, a sauko kalmomi, ya zaɓi biyar, ana so ya ci huɗu. In ya kasa nan ma, a sauko haruffa. Wannan shi ne gwajin tsarin TaRL, wato koyar da yaro daga matakin da yake, wanda ƙungiyar Pratham ta faro a Indiya, aka kuma yi aiki da shi a Borno da Kano.

Abu biyu ke ɓata shi. Na farko, yin sa a gaban aji. Da zarar an yi masa dariya sau ɗaya kin rasa shi. A yi a ƙarƙashin bishiya ko a baranda lokacin tara. Na biyu, farawa da Turanci. A fara da Hausa. Wanda ya karanta Hausa sumul ya cije a Turanci, matsalarsa harshe ce, kalmomi yake buƙata. Wanda ya kasa Hausar ma, sai an koma da shi baƙi da wasali: ba, be, bi, bo, bu, sannan haɗa gaɓa biyu. Maganin waɗannan biyun ba ɗaya ba ne. Littattafan Mu Karanta da aka raba a firamaren Bauchi da Sakkwato, da na shirin RANA na Katsina da Zamfara, suna yi wa manyan yara aiki sosai, sai dai a sa musu bango da takardar kalanda don kada a ga ɗan aji biyu na sakandare da littafin 'yan aji ɗaya na firamare.

Ki kuma tambaye shi izu nawa gare shi a Islamiyya. Yaron da yake kawo hadda shafi guda kullum ba daƙiƙi ba ne, kuma yana da kyau ya ji hakan daga bakinki.

Malamin lissafi

Na goyi bayan Malam, haka abin yake a lissafi. Tambaya huɗu nake bayarwa: ya karanta lamba mai gida uku kamar 407, ya ɗebe 27 daga 52, ya faɗi 7 sau 8, ya raba 96 gida 4. Ba cin ko faɗuwar nake dubawa ba, irin kuskuren nake dubawa. In ya ce 52 a ɗebe 27 saura 35, to ba cinta ya yi ba, yana da ƙa'idarsa: a kowane gida yana cire ƙaramar lamba daga babba, 2 daga 7 ya samu 5, 2 daga 5 ya samu 3. Bai san aro ba. Da wannan zai shiga 2x + 5 = 17 ya faɗi, malami ya yi ta maimaita bayanin x, alhali ba nan ciwon yake ba.

Gyaran da tsinken tsintsiya ne da roba. A ɗaura goma-goma. Ƙulli biyar da tsinke biyu, a ce ya ba ka 27. Dole ya kwance ƙulli ɗaya da hannunsa. Sai ya yi haka sau da yawa kafin a koma takarda. Mafi yawansu ma sun iya da kuɗi: ka ce an sayi abin naira 270 an ba da 500, canji zai fito kafin ka rufe baki. Daga nan ake jawo shi zuwa rubutu.

Minti goma na farkon kowane darasi mai minti arba'in nake warewa. Inda ake samun cikas shi ne manhaja. Mai duba makarantu zai buɗe littafin tsarin aiki ya ga kana baya da mako guda. Shi ya sa tun farkon zango a sanar da mataimakin shugaba mai kula da karatu a rubuce, a haɗa masa da sakamakon gwajin, sunan kowane yaro da matakinsa.

Malama mai ba ɗalibai shawara

Ni rajista nake fara buɗewa, ta mako shida baya. Ba yawan fashin ba, tsarinsa. Wanda ba ya zuwa rana ɗaya tak a kowane mako, ku duba ko ranar kasuwar garin ce. Wanda ya ɓace daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, girbi ne. Yarinyar da take fashin kwana uku ko huɗu kowane wata, al'ada ce, babu audugar mata ko babu bayi mai ƙofa da ruwa a makaranta, kuma ba za ta taɓa faɗa wa malami namiji ba. Mai zuwa bayan darasi na biyu kullum, ɗiban ruwa ne ko tallan safe, kuma da yake lissafi da Turanci ake sawa da sassafe, su biyun yake rasawa.

Kada a tambayi yaro me ya sa ba ya karatu. Zai sunkuyar da kai ya ce ba komai. A tambaye shi ƙarfe nawa ya kwanta jiya, me ya ci kafin ya fito, ina yake zuwa in an tashi. Nan ake jin mai taya mai shayi aiki har ɗayan dare, da mai kwana kan waya, da wanda koko ma bai sha ba.

Sannan ido da kunne. A dawo da shi bencin gaba na mako biyu ba tare da an ce horo ne ba. In yana ƙanƙance ido, ko yana kwafa daga littafin na kusa da shi maimakon allo, ko kullum gefe ɗaya yake juyo miki, asibiti zai je. Mai sikila da ya yi jinya ya dawo, a ba shi jerin abin da ya wuce shi, kada a bar shi ya nema da kansa. In kuma kun ga jan ido da nauyin baki da barci bayan tara, waɗanda kan iya zama alamun shaye-shaye, a sanar da shugaban makaranta da iyaye cikin sirri, ba a wajen taron safe ba.

Malamai maza, don Allah, in ɗalibar mace ce a yi maganar a fili inda ana hangen ku, ko a miƙa ta ga malama.

Jami'in jarrabawa, babbar sakandare

Duk na yarda, amma akwai abin da muke yi da sunan tausayi wanda cuta ce: kyautar maki. Yaro ya ci 31, a cike masa ya zama 40 don kada a ce ajin wane an faɗi. Shekara shida ana haka, sai ya zo WAEC ko NECO inda babu mai cike masa. Jami'a kiredit biyar take nema har da Turanci da lissafi. Kiredit daga C6 yake farawa, D7 da E8 ba sa shigar da kowa. A nan ne uba yake sayar da akuya ya biya kuɗin satar amsa.

Abin da ya fi shi ne a farfasa makin CA, wato makin gwaje-gwajen cikin zango kafin jarrabawa. Inda ake ba CA 40 jarrabawa 60, maimakon gwaji biyu manya masu maki 20, a yi takwas masu maki 5, kowace Alhamis, tambaya biyar daga abin da aka koyar a makon kawai. Biyu daga ciki su kasance masu sauƙin da duk wanda ya saurara zai ci. A mayar da takardun ranar Litinin; gwajin da aka riƙe wata guda ba shi da amfani. Wanda ya ci ƙasa da 3 yana da damar sakewa sau ɗaya, da tambayoyi daban a kan abu ɗaya, kuma makin da ya fi shi za a rubuta.

Sai a zauna da shi a yi lissafin a gabansa. Kana da 14 a CA, saura gwaji uku, in ka ci 3 a kowanne ka kai 23, kana buƙatar 17 cikin 60 ka kai 40. Yaro da yawa bai san tazarar ta yi kusa haka ba, shi a ransa an riga an gama.

Tsohon shugaban makaranta

'Ya'yana, kun yi magana mai kyau a kan wanda bai iya ba. Akwai kuma wanda ya iya sarai amma ya sallama, musamman 'yan aji huɗu da biyar maza. Zai ce maka yayansa ya gama digiri yana tuƙa Keke Napep, shi kuma yana samun na kashewa a shagon gyaran waya. Kada ka ƙaryata shi, gaskiya ya faɗa, in ka musa ya daina jin ka. Tambaye shi me yake so ya zama nan da shekara biyar. In ɗan sanda ne, nuna masa tallar ɗaukar aiki, kiredit biyar suke nema da Turanci da lissafi. In makarantar jinya ce ko ta kiwon lafiya, ya ga darussan kimiyyar da ake bukata da idonsa. In sana'arsa zai riƙe, to a yi maganar littafin bashi da lissafin riba da karanta takardar yarjejeniya.

Daga nan a yi alkawari a rubuce, abu uku kacal na mako biyu: zuwa kafin ƙararrawa, littafin rubutu a kowane darasi, aikin gida biyu a mako. Kullum ya kawo kati malamin aji ya sa hannu. In aka jera masa abu goma ba zai yi ko ɗaya ba. Kuma a ba shi wani aiki a hannu, riƙe makullin ɗakin gwaje-gwaje ko lura da lokaci.

Bulala kuwa, a kan faɗuwa jarrabawa ban yarda da ita ba. Tana sa yaro ya kwafi aikin wani don ya tsira, shi ke nan kun rufe wa kanku hanyar sanin abin da bai iya ba. Haka kiran na ƙarshe a aji a gaban taro.

Malamin lissafi

Baba, Allah ya ƙara girma. Maimaita aji fa? Mu nan ana ta jayayya a kai.

Tsohon shugaban makaranta

In za a maimaita masa darasin nan da malamin nan a bencin nan, sakamakon nan za a samu, ga kunyar zama da ƙannensa. Mace kuwa sau da yawa daga nan sai a cire ta. Ina amincewa da shi ne kawai in iyaye sun zo an zauna, kuma an rubuta abin da za a yi masa dabam a shekarar.

Shugabar SBMC, kwamitin al'umma mai kula da makaranta

A kan iyaye, yadda aka kai maganar shi ne komai. Takardar da aka ba yaro ya kai gida ba ta isa. A kira waya, ko a bi ta wurin ɗan kwamiti na unguwar ko limami. Kada a buɗe da "ɗanka ba ya ja". Uba zai ji kunya, ya koma gida ya huce a kan yaron, ko ya ce dama kuɗin banza yake kashewa. A fara da abu ɗaya mai kyau na gaskiya, sannan a roƙi abu ɗaya da za su iya: rabin awa bayan isha da fitila ba aike, ko a mayar da tallan safe zuwa yamma. Uwa ba sai ta iya boko ba, ta ce ya karanta mata shafi ɗaya da ƙarfi. In kuma da kuɗin tallan ake cefane, cewa a daina ba zai yiwu ba, sai dai a nemi sauyin lokaci.

Malamar Turanci, ƙaramar sakandare

Na gode ƙwarai. Saura ɗaya: aji mai yara casa'in, ta ina mutum ɗaya zai fara?

Malamin firamare, mai horas da malamai

Ba duka za ki gwada ba, Malama. Ki ɗauki ashirin na ƙasa a sakamakon zangon da ya wuce, huɗu a rana, mako ɗaya kin gama. Ki raba su uku: 'yan haruffa, 'yan kalmomi, 'yan sakin layi. Kowane rukuni kada ya wuce takwas. Minti talatin, sau uku a mako, kafin taron safe ko bayan tashi, da izinin shugaba da sanin iyaye, musamman na mata saboda komawa gida. 'Yan sakin layi za ki iya ba su ɗalibi mai haƙuri daga aji na sama ya riƙa sauraron su, ba lallai wanda ya fi kowa ƙoƙari ba, don irinsu kan ƙosa. 'Yan haruffa kuwa, ke da kanki za ki riƙe su. Kada a sa wa rukunin suna a allo.

Bayan mako shida ki sake gwajin da takarda daban mai nauyi ɗaya, wanda ya haye ya koma rukuni na gaba a ranar. Wanda yake zuwa ba fashi amma bai motsa ba bayan zagaye biyu, a rubuta wa iyaye takarda su kai shi a duba ido da kunne, ko a babban asibitin jiha ko a cibiyoyin ƙasa na ido da na kunne da ke Kaduna. In an ce lafiyarsu ƙalau, sai a nemi sashen ilimi na musamman a hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, a tafi da takardun gwajin nan guda uku da kwanan watan kowanne.