Tseren kwalekwale mai nisa: ya kuka raba aji, ya kuka ƙirga maki?

Ɗan Lagdo: Salamu alaikum 'yan uwa. Matasan masunta a nan suna son yin tsere bayan sallah, mai nisa, ana yada zango ana kwana, amma tun yanzu gardama ta kaure don wani kwalekwalensa siriri ne wani kuma ƙato ne na ɗaukar buhunan kifi. Wanda ya taɓa shiga ko ya gani da idonsa don Allah ya faɗa mana.

Na Kusseri: Wa alaikumus salam. Na shiga ɗaya a kogin Logon, masu shiryawa suka zuba kowa a layi ɗaya. Wasu yara suka zo da jirgin da aka kankare katakonsa har mutum biyu na iya ɗaga shi, kafin mu kai kwana ta farko ko ƙeyarsu ba ma gani. Akwai wani dattijo da ya fi kowa iya tuƙi, ya fito ya zauna a bakin ruwa da filafilinsa a cinya, aka miƙo masa goro ya ƙi karɓa. Wallahi har yau abin na min ciwo.

Mazaunin Duwala: Ni a bikin Ngondo na kalla, kogin Wuri, farkon Disamba. Jiragen duk dogaye ne masu gomman matuƙa, shi ya sa wanda ya riga isowa shi ne, ba dogon lissafi.

Ɗalibi a Faransa: Yayana na Lagdo, na taya wani kulob aiki a yankin Brittany na Faransa inda ake tseren katamaran, jirgi mai ciki biyu da iska ke turawa. A ajin Formula 18 kowa ya ƙera yadda yake so amma tsawo kar ya wuce mita 5.52, faɗi mita 2.60, nauyi kuma kar ya gaza kilo 180. Da idona na ga an rataye jirgi a sikeli, bai cika ba, aka ɗaura masa dalma sannan aka bar shi ya shiga ruwa.
Maki kuma zaɓi ne. Ko a haɗa lokacin kowane zango, haka ake yi a tseren Worrell 1000 na Amurka daga Florida zuwa Virginia Beach, sai dai in abu ya karye maka rana ɗaya ka yi asarar awanni to da wuya ka dawo. Ko a ba na ɗaya maki 1 na biyu 2, mai ƙarancin maki ya ci, wani lokacin ma a yafe wa kowa zangonsa mafi muni. In jiragen sun bambanta sai a ba kowanne lamba gwargwadon gudunsa a gyara lokacinsa da ita, irin na tseren Texel a Holan.

Na Kusseri: Ƙanena wannan lambar ba za ta karɓu a wajen masunta ba, ka ce wa mutum ya riga isowa amma bai ci ba? Ku yi aji biyu kawai, a gwada tsawo da igiya a gaban sarkin ruwa, a ƙayyade yawan matuƙa.

Ɗan Lagdo: Na gode. Aji biyu da maki na fi so tunda agogo ɗaya ba zai ishe mu ba. Zan kai wa dattawa ranar Juma'a, saura maganar wanda jirginsa ya kife, maki nawa za a rubuta masa?