Sauraron gini kafin ya faɗi

Bayan ambaliyar 2022 da ta rushe gidaje a Jigawa, magina a ƙauyenmu da ke kusa da Ringim sun zauna da wani injiniya ɗan garin, kan yadda za a gano ɓarnar da ke ɓoye ba tare da an fasa gini ba.

Dattawan magina suka ce a fara da kunne. A bi azara ko dakali da ƙaramar guduma ana ƙwanƙwasawa. Inda gara ta ci, ko siminti ya saki rodi, ƙarar takan fito kamar ta fasasshiyar ƙwarya. A sa alama da gawayi a wurin.

Injiniyan ya ce su ma haka suke yi, sai dai da na'ura. Kowace gada tana da saurin girgizarta, idan ta tsage sai saurin ya ragu. Sukan manna na'urori wurare da yawa, su gwada da awon baya, su bincika inda bambancin ya fi yawa. Ya ja kunne cewa zafi da sanyi suna sauya awo, don haka a auna a yanayi iri ɗaya. Abin da ya dame ni, da wuya a samu wanda ya ajiye awon farko na kwalbatin ƙauyenmu.