Muhawara a zauren dangi: wai mai kallon fim cikin taro bai ga fim ba

Sani: Salamu alaikum. Iyali sun tafi biki Katsina tun Juma'a, gida tsit. Jiya na kulle ƙofa, na cika waya da caji, na kalli fim tun daga farko har sunayen ƙarshe, ba mai jan rigata yana "Baba, waye wannan?" Yau na yarda, duk mai kallo cikin taro surutu ya je ji, bai ga fim ba.

Kawu Garba: Wa'alaikumus salam. Yaro man kaza. Lokacin da muke zuwa silimar Plaza a Fagge sama a buɗe take, sai duhu ya yi ake sa fim. Na Indiya ne, ba mai jin yaren, amma jarumi na ɗaga hannu zai naushi bos wuri ya kaure da ihu da fito. Wanda ya riga ya gani shi ke fassara wa na kusa da shi, washegari kuma a majalisa a sake yin fim ɗin da baki saboda waɗanda ba su da kuɗin tikiti. Wannan kake kira surutu?

Sani: Allah ya ja kwana Kawu, ai mai fassarar nan shi ne damuwata. Ba a ɗauko bindiga ba ya riga ya ce "yanzu za a kashe shi."

Yaya Binta: Ku maza ku yi ta yi. Wace matar aure ce ta taɓa taka Plaza? Namiji ma in ya cika zuwa ɗan iska ake ce masa. Mu bidiyo ne ya kawo mana fim har ɗaki, musamman da aka fara na Hausa da Turmin Danya a 1990. Gida ɗaya ke da bidiyo a layinmu. A aiki yaro ya karɓo hayar kaset, mata su cika falo da goyonsu, wata na tsinke zogale wata na kitso, NEPA ta ɗauke wuta a tsakiya mu zauna muna gardamar wa za ta auri wa. Kuma Sani, wannan "ni kaɗai" da kake taƙama da shi, matarka ta taɓa samu? Ni ko minti goma ban yi ina kallo ba sai an kwaɗa min kira, ko miya ta kama.

Kawu Garba: Binta ta yi gaskiya. Bayan gobarar silimar El Duniya a 1951, wadda ta ci mutum sama da 300, manya cewa suke hukuncin Allah ne. Mu ma a ɓoye muke zuwa.

Amina: Ina kwana Kawu. Ni rabi ina bayan Yaya Sani, don masu dogon zango a YouTube nake binsu, abin ji a kunne, ba ruwana da kowa. Amma Yaya, in kaɗaicin ya wadatar da kai, me ya kawo ka nan da sassafe kana neman mai taya ka hira?

Sani: Ke Amina, ki kiyaye ni. Kallo daban, hira daban.

Yaya Binta: Wai wane fim ne ma?

Sani: Indiya ne, fassarar Algaita.

Kawu Garba: Au! Ashe mai fassara na cikin kunnenka tun daga farko har ƙarshe, yana sa wa Ba'indiye karin maganar Kano a baki, kake cewa kai kaɗai ne?

Sani: Shi wannan ba ya faɗa min ƙarshe, Kawu. In na ga dama in dakatar da shi in je in dafa Indomie, in dawo in same shi inda na bar shi.

Yaya Binta: Madalla. To mako mai zuwa zan aiko maka da yarana huɗu, Asabar da Lahadi, ni ma in gwada in ji ko gaskiya ka faɗa.

Sani: Yaya, mako mai zuwa ina da ɗaurin aure a Zariya.