Gwajin jini zai iya faɗin ko Kawu zai sake takawa?

Rabi, Jidda: Salamu alaikum. Kawunmu yana kwance a asibiti tun makon jiya, ɓarinsa na dama ya shanye. Wani maƙwabci ya ce akwai gwajin jinin da ke nuna ko mutum zai sake takawa, wai idan sakamakon ya yi muni kada mu ɓata riyal wurin gashi, wato motsa masa gaɓoɓi a asibiti. Don Allah gaskiya ne?

Malam Haruna, Makka: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, 'yata. Ni ban yarda ba. Yaushe jini ya san gobe? Neman kuɗi ne kawai.

Usman, Madina: Allah gafarta Malam, maganar tana da tushe. A ɗakin gwaje-gwaje nake aiki. Idan jijiyoyin ƙwaƙwalwa suka lalace, wani furotin da ake kira NfL yakan tsiyayo cikin jini, kuma bincike ya nuna waɗanda nasu ya hau sosai sun fi zama da naƙasa. Haka wanda aka kawo suga ya yi masa yawa, ko CRP, alamar kumburi.

Hadiza, Jidda: Yaya Usman, "sun fi" ɗin nan a taron marasa lafiya aka gan shi, ba a kan mutum ɗaya ba. Ni nas ce a sashen masu shanyewar jiki. NfL yana hawa da tsufa, yana hawa da ciwon ƙoda, kuma ba ranar farko yake kai ƙololuwa ba. CRP kuwa ko ciwon haƙarƙari ya ɗaga shi. Abin da likitocinmu ke dubawa shi ne shekarun mutum, hoton ƙwaƙwalwa, da makin NIHSS, ma'aunin tsananin shanyewar, wanda ke tashi daga 0 zuwa 42. Naƙasar kanta sai a kwana 90 aka saba auna ta da ma'aunin Rankin, 0 zuwa 6. Wanda ya ce a take zai yanke hukunci da kwalbar jini ɗaya, ya yi ƙari.

Usman: Ban ce hukunci ba, ƙanwata. Amma iyali na da haƙƙin sanin inda aka dosa. Mutum yana zaune a Saudiyya da iƙama, wato takardar izinin zama: a ci gaba da jinya a nan, ko a mai da shi Kano? Ko ɗan ƙarin haske ne yana da amfani.

Hadiza: Ƙarin kaɗan ne a kan abin da likita ya riga ya gani da idonsa, shi ya sa yawancin asibitoci ba su sa NfL cikin gwajin yau da kullum ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne batun barin gashi. Mafi yawan sauƙin da ake samu cikin watanni ukun farko yake zuwa. A bar shi kwance, gaɓoɓi su sandare, gyambo ya fito, sai a ce ai gwaji ya faɗa!

Malam Haruna: Nan kam ina tare da ke. Kuma kada a yi irin wannan zance a gaban mara lafiya, yana ji ko da bakinsa ya yi nauyi.

Usman: A kan gashi ba mu da saɓani. Amma ina nan kan bakana, gwajin nan zai shigo asibitoci.

Rabi: Na gode, iyayena da yayyena. Anti Hadiza, gobe me zan tambayi likita?

Hadiza: Makin NIHSS nasa nawa ne, an gwada haɗiyarsa kafin a ba shi abinci, kuma yaushe mai gashi zai fara zuwa.