Birtaniya da Sifirinta a Gasar Waƙar Turai

Mai Gidan Kallo, Ringim

Assalamu alaikum. Ranar Asabar 17 ga Mayun 2025, bayan an tashi daga wasan ƙarshe na kofin FA, na ga akwai sauran mai a janareto, sai ƙanena ya haɗa wayarsa da talabijin, muka kalli gasar waƙar ƙasashen Turai da ake kira Eurovision, wadda aka yi bana a Basel ta Suwizalan. Mu bakwai muka rage a kan benci har aka ƙirga maki.

Bismillahi na ɗau alƙalami,
In ba ku labarin Ingila.
Ta sha ado ta hau dandali a Basel,
Ana ta kiɗa ana ƙyalla fitila.
Alƙalai sun ba ta tamanin da takwas,
Masu kallo ba wanda ya kula.
Bara ma haka aka yi a Malmo,
Sifiri ne kan sifiri in an yi jimla.
Mai tallan da ba a taya ba,
Ya koma gida da tire yana ƙwalla.

Baffa na Gumel

Wa alaikumus salam. Ɗana, na fi shekara 40 ina kwana da rediyo a gefen matashina, saboda haka ba zan bari a ci mutuncin manya a gabana ba.

Yaro, kafin ka raina rijiya,
Tambayi wanda ya sha ruwanta jiya.
Ko sunan ma ba ka riƙe daidai ba,
A can ana kiranta Birtaniya.
Sau biyar tana ɗaga kambun nan,
Na ƙarshe kana goye a bayan Hajiya.
Sha shida ta zo ta biyu a fili,
Wa ya kama ƙafarta duk nahiya?

Shekarun su ne 1967, 1969, 1976, 1981 da 1997. Ailan da Suwidin kaɗai suka fi ta, da bakwai-bakwai.

Mai Gidan Kallo

Baffa, na karɓi gyaran suna da hannu biyu. Sauran kuwa, a yi mini haƙuri.

Baffa, hatsin da aka ci a bara,
Ba ya cika tumbin yaran bana.
Ashirin da takwas rabonta da kambu,
Jaririn lokacin yau yana da gona.
A Rotterdam alƙalai da 'yan kallo,
Sun haɗa baki sun ce sai wata rana.
Kai ma da kake ta yabon rijiyar,
Gugan da ka zura yashi ya ɗebo mana.

Gasar 2021 nake nufi, inda ta tashi ba maki ko ɗaya daga kowane ɓangare.

Ɗan Ɓaɓura

Allah ya ƙara basira! Da baitin gugan nan kaɗai Ringim ta kayar da Gumel, ko ƙura ba ta tashi ba.

Na Maigatari

Ɗan Ɓaɓura, kowa ya san kyauta kake kallon ƙwallo a gidan mutumin nan, don haka shaidarka ba ta karɓuwa.

Malamin Hausa, Kazaure

Kafin a raba kambu, ina roƙon a dubi ma'auni. Ɗangon da ya ce "In ba ku labarin Ingila" gaɓa 9 ne, alhali ɗan'uwansa na "Sifiri ne kan sifiri in an yi jimla" ya kai 13, kuma duk wanda ya rera su a jere sai numfashinsa ya yanke a tsakiya. Amsa-amo ya zauna, ban musa ba, amma kari ya karye.

Waƙa awo ce kamar na hatsi,
Ba a cika mudu a zubar da kari.
Wanda bai iya auna ɗangonsa ba,
Shi ma alƙalai su ba shi sifiri.

Ɗan Ɓaɓura

Allah ya gafarta Malam, na ƙirga naka da yatsuna. Ɗango na farko 10, na biyu 12. Ashe mudun Kazaure ma yana da lamba a gindi.

Malamin Hausa

A ilimin aruli nauyin gaɓa ake aunawa, wato doguwa da gajera, ba yawanta ba. Gajeru biyu suna iya zama a gurbin doguwa ɗaya.

Mai Gidan Kallo

To Malam, me ya sa nawa aka ƙirga, naka kuma aka auna?

Baffa na Gumel

Kwana biyu wayata tana wurin mai caji, na dawo na tarar an bar Birtaniya ana ƙirgen gaɓa. Ni dai ga dalilina, kuma ba zan sauka daga kansa ba.

Tun da ta fita daga Tarayyar Turai,
Maƙwabta suka ɗaure mata fuska.
Ba waƙar suke saurara ba,
Tsohon haushi ne suke ta sheƙa.
Ƙuri'a ce ta 'yan gida ɗaya,
Kowa ɗan ɗakinsu yake ɗauka.

Inna ta Taura

Yaya, na yi shiru ne don girmanka, amma wannan uzuri ba zai wuce ta gabana ba.

Yaya, in ƙiyayya ce ta kashe ta,
A Turin wa ya tashe ta tana rawa?
Da ta aika mai murya ta gaske,
Ta biyu ta zo a gaban idon kowa.
Mai kujerar da kuɗi suka saya,
Ba ta san zafin layi a kasuwa.
Fura in ta yi tsami a ƙwarya,
Ko 'yar sarki ke talla ba mai tayawa.

A 2020 ta fita daga Tarayyar, amma a 2022 Sam Ryder ya samo mata maki 466, Yukren kaɗai ta wuce ta da 631. Da shekara ta zagayo aka yi gasar a Liverpool a madadin Yukren saboda yaƙi, sai ga ta ta 25 cikin 26 a tsakar gidanta. Har zuwa gasar 2025, ita da Faransa da Jamus da Italiya da Sifaniya ba sa fafatawa a zagayen share fage, domin su ne suka fi zuba kuɗi, kai tsaye ake kai su daren ƙarshe. Ban ce kujerar kaɗai ce cutar ba, tun da Italiya ma a kanta take zaune ta ci a 2021. Abin da ake zubawa a ƙwaryar nake zargi.

Ɗan Ɓaɓura

Inna ta zo da muciya, maza sai a matsa gefe.

Na Maigatari

Na makara, amma ina da guzuri. Maroko ta taɓa shiga sau ɗaya a 1980 da Samira Said, ta samu maki 7, ta zo ta 18 cikin 19, ba ta sake komawa ba. A daren sifirin Rotterdam kuwa, Destiny mai wakiltar Malta, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, ta bakwai ta zo.

Maroko ta leƙa ta ga babu riba,
Ta naɗe tabarma ta yi gida.
Birtaniya kuwa ko an kore ta,
Gobe da sassafe tana bakin fada.

Baffa na Gumel

Ai wannan yabo ne, ɗana, ko da ba ka nufa ba, domin naci ma jari ne. Ostiriya ce ta ci bana, can za a haɗu baɗi. Ƙanwata, na ji batun fura, amma ban janye ba.

In Allah ya kai mu baɗi da rai,
Na sa zakarana ja a kan layi.
In ba ta shiga goman farko ba,
Ɗan Ringim ya zo ya ɗauka ya yi.

Mai Gidan Kallo

Baffa, caca ba ta halatta ba, amma kyauta ta halatta. Ka ci gaba da ba shi dawa, ni kuma zan tanadi man janareto da benci na gaba dominka.

Malamin Hausa

"Ya ɗauka ya yi" me? An yanke jimla don a sami amsa-amo. Haka kuma ɗangon ƙarshe na Inna ya fi na farkonsa tsawo.

Inna ta Taura

Malam, a kan turmi na rera shi ina daka, kuma taɓarya ba ta tsaya ba.